Haƙoran Injin Taliya

Shekarar da maigidana ya ajiye aiki, likitan ido ya gaya mana cewa ganinsa zai tafi. Ba yau ba, ba gobe ba, amma zai tafi. Ya ce hawan jinin ido ne, irin wanda ke cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya, kuma abin da ya riga ya ci ba ya dawowa. Ya rubuta maganin ɗigawa, ya ce zai rage wa ciwon gudu, iyakarsa ke nan. Muka fito muka shiga bas ɗin Gonin Gora, ina ta share hawaye da bakin gyale, shi kuwa ya zuba wa taga ido kamar yau ya fara ganin Kaduna. Mun kusa gida ya juyo ya ce, "Mama, bais zan saya."

Na ce, "Me za ka saya?"

"Bais. Abin nan da ake ɗaurewa a tebur ya damƙe ƙarfe."

Na dube shi sama da ƙasa. Ni ina tunanin wanda zai riƙa yi masa jagora zuwa coci in abin ya zo, shi yana tunanin bais. Da ba a cikin mutane muke ba, da ya ji bakina.

Baban yara, haka nake kiransa, ya yi aikinsa kaf a siton wata masana'anta a Kudenda. Shi ke miƙa wa makanikai kayan aiki ta wata 'yar taga da safe, ya karɓa da yamma, ya goge, ya mayar da kowanne mazauninsa. Ya san sunan kowane ƙarfe da lambarsa. Amma in famfon gidanmu ya fara ɗiga, sai mun kira mai gyara. Tafin hannunsa ya fi nawa laushi, ni da nake fama da injin markaɗe a ƙofar gida. Yana yaro ya so koyon aikin ƙarfe, mahaifinsa ya ce ɗansa biro zai riƙe, ya kuwa riƙe biron har ya yi furfura. Sau da yawa yakan dawo ya ba ni labarin wani inji da ke daidai saitin tagarsa, wanda ake yanka haƙoran giya da shi, wato faifan ƙarfen nan mai haƙora da ke juya ɗan'uwansa a cikin inji. Nakan ce "to" ina tsinke alayyafo. Ban taɓa ɗauka abin ya kai masa zuci haka ba.

Daga bais aka fara. Kafin in ankara ya kori kajina daga ɗakin da ke gefen ƙofar gida, ya share, ya kafa tebur. Duk Asabar sai mu tsallaka kogi mu tafi Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa. Dole in bi shi, don ya daina ganin abin da ke tahowa ta gefe, kuma 'yan acaɓa ba su san ciwon ido ba. Ni ce mai riƙe jaka, ni ce mai jan hannun rigarsa a bakin titi, ni ce kuma mai mita. Ya sayi zarto, ya sayi magagari iri-iri, ya sayi sifanu da ma'aunin kaurin ƙarfe. In ya tsuguna gaban tarin tsofaffin kaya yakan manta da ni sam. Sai ya ɗauki abu ya kira lambarsa tun bai goge tsatsar ba, fuskarsa ta cika da fara'a kamar ya haɗu da ɗan garinsu.

Wani mai shago ya taɓa tambayata, "Madam, oga injiniya ne?"

Na ce, "Injiniyan baki ne, ɗana. Ka ba shi guduma ka gani."

Baban yara ya yi dariya har da riƙe ciki. Gaskiya na faɗa kuwa. Makon farko ya kwashe fatar 'yan yatsunsa da magagari, ya karya bakin zarto ya fi a ƙirga. Wata rana muna cin tuwo ya miƙo mini tafinsa ya ce, "Taɓa nan." Na taɓa, na ji wani ɗan tauri a gindin yatsa. Ya ce, "Kanta ce." Ranar da aka ƙara masa girma a wurin aiki ma ban ga ya yi wannan murnar ba.

Akwai wani tsohon injin taliya a saman kabad ɗina. Na wata Hajiya ce, maƙwabciyarmu ta da, wadda ta koya mini murza taliya tun ina amarya. Lokacin da gari ya rikice kowa ya koma inda danginsa suka fi yawa, ita ta koma Unguwar Sanusi. Ranar da za ta tashi ta miƙo mini injin ta saman katanga, ta ce in riƙe. Na yi shekaru ina murzawa, har wata rana 'yar giyar da ke cikinsa ta zubar da haƙora, hannun ya koma juyawa a banza. Na kai wa masu gyara suka ce ba a samun irinta. Na kasa jefarwa, na ɗora shi can sama.

Shi Baban yara ya sauko da shi. Ya kwance, ya ciro giyar da ta lalace, ya aza mini a tafin hannu. Ba ta fi murfin kwalba girma ba. Ya ce, "Irin wannan zan yanka. Sai dai ana bukatar injin yankan haƙora."

Na ce, "Wane iri?"

"Irin na saitin tagata."

Na yi tsalle na dire. Na ce sabon injin taliya yana nan birjik a kasuwar Kakuri, gobe ma in ya so in sayo. Na ce kuɗin sallamarsa daga aiki na magani ne da rufin ɗaki, ba na tarkace ba. Na kira 'yarmu da ke aiki a Abuja na kai ƙara. Ya bar ni na gama kumfar bakina tsaf, sannan ya ce a hankali, "Mama, shekara da shekaru ina miƙa wa mutane kayan aiki, su je su yi abu su dawo mini da kayan. Ina so in yi abu ɗaya da hannuna, in gan shi da idona, tun da sauran idon."

Na shiga kicin na tsaya gaban murhu ba abin da na ɗora.

A Kudenda muka samu injin, a filin wani Alhaji da ke sayen kayan kamfanonin da suka rufe. Filin cike yake da injuna a jere cikin ciyawa, awaki na kwance a inuwarsu. Wanda Baban yara ya nuna ƙarami ne a cikinsu, amma ya fi ni tsawo, kore ne da can, yanzu tsatsa ta fi fentin yawa. Ya zagaya shi yana shafawa. Ya juya wannan hannu, ya juya wancan, ya kara kunne. Ya tono wani akwati a gefe ya zaɓi 'yar wuƙa mai zagaye da ta dace da giyar Hajiya, lambar kawai ya sa na karanta masa.

Alhajin ya ce, "Baba, kamfani za ka buɗe ne?"

Na riga shi amsawa. Na ce, "Taliya za mu yi, Alhaji."

Ya dube mu, bai gane ba, amma mutumin kirki ne. Ya ce, "To, Allah ya sa albarka. Madam, ki yi haƙuri da shi, ni ma tawa haƙuri take yi." Ya ba mu motarsa ta kawo mana har gida.

Injin ya ƙi shiga ƙofar ɗakin kaji. Sai da aka cire ƙyaure aka fasa gefen bango, maza suka taru da sanduna da bututun ƙarfe suna gangara shi, matan layinmu na tsaye da bokitan markaɗensu suna kallo suna yi mini sannu kamar an yi mini rasuwa. Baban yara ya yi kwana da kwanaki yana wanke shi da kananzir. Da ya gama ya kira mai gyaran wuta ya zo ya haɗa.

Mutumin ya duba wayoyin injin, ya fita ya duba mitarmu, ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce, "Baba, sori fa. Wannan wuta mai layi uku yake ci, irin ta kamfani. Gidan nan layi ɗaya ne. Duk layin nan naku ma haka yake."

Baban yara, mutumin da ya san lambar kowace ƙusa, bai taɓa tambayar wutar ba. A kamfani wuta tana bango ne kawai, a danna ta kawo, ba ta taɓa biyowa ta tagar sito ba balle ya san ta. Muka tambayi yadda za a yi, aka ce ko a jawo layi daga bakin titin Abuja, ko a sayi babban janareto, duka biyun sun fi ƙarfinmu. Na buɗe baki zan ce ai na faɗa, na ga yadda ya dafa injin, sai na haɗiye.

Damina ta shiga ta fita injin na tsaye. Da farko yakan shiga ya goge shi ya sa mai. Daga baya ya daina shiga. Ya koma zama a kujerar baranda da rediyo, ba ya ma canza tasha. Ganin kuwa bai jira shi ba. Zan ajiye masa kofin shayi a gefen dama ya miƙa hannu neman wani abu ya ture shi. Wata Lahadi a coci wani tsohon abokinsa ya zauna dab da shi har aka tashi bai san yana wurin ba. Ina ɗiga masa magani safe da yamma, ina duban idanun nan da suke nan garau kamar ba abin da ya same su. Tsoro ya kama ni sosai. Ba makantar ce ta fi tayar mini da hankali ba a lokacin. Gani na yi za ta zo ta same shi a kujerar nan bai yi abin da ya ce ba.

Kajina ne suka kawo mafita, in gaskiya za a bi. Sun sami ɓarakar bangon suka koma tsohon ɗakinsu, na shiga da tsintsiya ina korarsu ina zagi. Na sunkuya bayan injin neman inda wata ta yi ƙwai, sai na ga wani murfi a buɗe. A ciki akwai wili, da bel a kansa, ya sauko zuwa abin lantarkin da ya ƙi aiki. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Bel ne fa, irin wanda nake ɗaurawa ina cirewa kullum. Injin markaɗena yana bayan wannan bangon, da fetur yake aiki, kuma bai taɓa tambayata layi nawa ne a gidan ba.

Na fito baranda na ce, "Baban yara, shi wannan dodon naka, dole sai wuta, ko dai a juya masa wili kawai yake so?"

Ya rage rediyo. Can ya ce, "Zai yi gudu da yawa."

Na ce, "A sa masa babban wili mana. Haka mai gyara ya yi mini lokacin da nawa ke ƙona wake."

Ya miƙe har yana tuntuɓe da kujera.

Aka huda bango daidai wucewar bel. Muka koma wurin Alhaji ya nemo mana wili mai faɗin faranti, mai walda ya yi masa mazauni. Muka yi yarjejeniya: safiya tawa ce, mata su kawo wake da tumatir da gero, in rana ta karya sai in sauke bel ɗin markaɗe in ɗora dogon. Masu zuwa da yamma suka yi ta ƙorafi, wasu suka koma layin baya ba su dawo ba, na ce Allah ya raka taki gona. Ranar farko da na ja igiyar injin markaɗe, bel ya kaɗa ya miƙe, na ji wani gurnani daga cikin ɗaki, sannan na ji muryarsa yana kira, "Mama! Mama, zo ki gani!" Na leƙa ta hujin na gan shi tsaye, 'yar wuƙar na juyawa, hawaye na bin kumatunsa bai ma sani ba.

Ya sayo guntayen tagulla, ya kai Kakuri aka zagaye masa su daidai girman giyar. Yadda aikin yake, wuƙa za ta yanka gurbi ɗaya, sai a ja baya, a juya wani hannu da ke jikin wani faranti mai ƙananan ramuka a jere, a ƙirga ramukan a soka tsinke, tagullar ta ɗan juya, a sake yanka. Haka har a zagayo. In an yi kuskuren rami, haƙoran ba za su zo daidai ba. Abin da ke nuna wa mutum ramin da zai tsaya ya ɓace tun a filin Alhaji, sai dai ƙirga da ido.

Ta farko ta lalace. Ta biyu ma haka, haƙorin ƙarshe ya fito siriri kamar farce. Ya ce injin ne ya tsufa, ya ce bel ne ke santsi. Rannan na bar injin markaɗe na aiki na zagayo na tsaya a bakin ƙofa. Na gan shi ya sunkuya, hancinsa na neman taɓa farantin, yana lalube da tsinken, gefen kansa kuma dab da wuƙar da ke juyawa, ta wajen da ba ya gani. Ban san sa'ad da na ruga waje na kashe inji ba.

Na dawo ɗakin. Na ce, "Baban yara, ba ka ganin ramukan nan."

Bai musa ba. Ya zauna a kan benci ya ce, "Ina ganin ɗaya. In na kama ɗaya, na kusa da shi sai ya ɓace."

Na ce, "To ni zan ƙirga."

Ya girgiza kai. "In ke kika ƙirga, ai ba ni na yi ba."

Raina ya ɓaci, don na san wannan taurin kan tun muna saurayi da budurwa. Na ce, "Duk shekarun nan da kake miƙa wa makanikai kaya ta taga, akwai wanda ya taɓa cewa ba shi ya yi aikinsa ba, kai ka yi? Ni ma miƙo maka zan yi. Kai ka yanka abinka."

Ya daɗe yana murza kantar hannunsa. Sannan ya ce, "Je ki tayar da inji, mai sito."

Na karyo tsinken tsintsiya na sa tabarauna na karatun Littafi. Shi ke tura tagulla ƙarƙashin wuƙa, a hankali, yana jin ta a hannunsa, garin tagulla na zuba kamar garin masara. In ya ja baya sai ya juya hannun, ni kuma in bi ramuka da tsinke ina ƙirgawa da ƙarfi saboda ƙarar inji, in ce "nan", ya soka. Tun haihuwar 'yarmu ban tuna ranar da muka haɗa kai a kan abu ɗaya haka ba. Mun wuce rabi sai wata mata ta ƙwala kira daga waje, "Mama mai markaɗe, na ji inji na aiki!" Na ɗaga kai na ce, "Sai gobe!" Na dawo kan farantin. Har yau ni na ce a ramin da ya dace na tsaya, hannunsa ne ya goce. Shi kuma ya ce ni na tsallake. Ko ma wane ne, haƙori ɗaya ya fito da ɗan kauri kaɗan fiye da 'yan'uwansa.

Ya ɗan shafe shi da magagari, ya zura giyar a injin Hajiya, ya ɗaure. Ya kama hannun ya juya. Ƙarafan murjin suka motsa, suka juya tare. Sai dai duk zagaye in an zo kan haƙorin nan sai a ji ƙas.

Na zaci zai yi ihu ya kira maƙwabta. Bai yi ba. Ya sake kwancewa ya ciro giyar, ya fita bakin ƙofa inda rana ke haskawa. Ganinsa a lokacin bai fi a leƙa ta cikin kara ba. Ya ɗaga ta dab da fuskarsa yana juyawa kaɗan-kaɗan, yana duban haƙori ɗaya, ya matsa ya dubi na gaba, har ya zagayo. Tagullar na ƙyalli. Ya ce, "Ta yi kyau."

Na ce, "Ta yi."

Sai ya juyo gare ni ya ce, "Tsaya a nan, kar ki motsa." Ya kama kafaɗata ya juya ni wajen haske. Ya dubi goshina, ya sauko ya dubi ido ɗaya, ya dubi ɗayan, ya dubi hancina da baƙin mai a jiki, ya dubi bakina. A hankali, yadda ya yi wa giyar. Ni da ba a raba ni da magana, na tsaya ƙiƙam na bar shi ya gama.

Taliyar farko Unguwar Sanusi na kai ta da kaina. Hajiya ta ji labari ta yi dariya har ta share ido da mayafi, ta ce, "Yanzu a kan injin taliyata kuka fasa bango?" Ta dafa mana da wake da manja, muka ci a kwano ɗaya kamar da.

Ganin ya ƙarasa tafiya a hankali, kamar yadda likita ya faɗa. Yanzu bambancin rana da inuwa kawai yake yi. Babban injin na nan a rufe da tsohon zane, hujin bangon na toshe da tsumma, kaji sun karɓe ɗakinsu. Amma taliya ba ta yanke a gidanmu ba. Ni ke kwaɓa fulawa, shi ke zama a baranda ya murza, ni in tari zaren in shanya a igiya. Duk zagaye ƙas, duk zagaye ƙas, har maƙwabta sun san ranar da muke murji.

Da Kirsimetin da ya wuce 'yarmu ta zo, ta ji ƙarar ta dame ta. Ta ce, "Baba, bari in kai a yanka muku wata giyar da ba ta ƙara. Akwai masu yi da kwamfuta yanzu, sumul take fitowa."

Bai daina murzawa ba. Ya jira hannun ya zagayo kan haƙorin, ya ji shi ya wuce.

Ya ce, "A'a, bar mini wannan. Wannan na gan ta."